Ƙasa ta ƙi haƙuwa, yaya zan kafa ƙarafan shinge da na get?

Bazazzagi_MaiLambu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don abin ya fara fin ƙarfina. Ina da gona hekta ɗaya a wajen Zariya, ta hanyar Giwa. Bara na dasa mangwaro da gwaiba, kafin hunturu ya wuce awaki sun gama da kusan rabi. Bana na ce sai na zagaye ta da waya mai ƙaya. Na sayi ƙarafa, na ɗauki leburori biyu ranar Asabar. Kwana biyu suna fama, rami bakwai kacal suka haƙa, kuma babu wanda ya kai ƙafa ɗaya da rabi. Ƙotar diga ta karye sau biyu. In digar ta sauka sai ta yi tsalle ta dawo, wani wurin har tartsatsin wuta take fitarwa. Da na gaji na ɗauki babbar guduma na ce bari in buga ƙarfen kai tsaye, sai kansa ya baje, jikinsa ya lanƙwashe, bai shiga ko taƙi ɗaya ba. Zagayen gonar mita 400 ne, in na bar mita 3 tsakani, rami wajen 134 ke jirana. Ga kuma get mai faɗin ƙafa 12 da nake so a-kori-kura ta riƙa shiga. In jira damina ne, ko akwai dabara?

Dan_Kurmi_MaiWalda:
Wa alaikumus salam. Bazazzagi da haƙa rami? Ai ba ƙasar ce ke da tauri ba, hannun ne ya saba da riƙe alƙalami. Ka turo mana kuɗin mota mu zo daga Kano mu gama maka kafin la'asar.

Bazazzagi_MaiLambu:
Bakano ya taɓa yin aiki kafin a gama ciniki? Zo ka gwada, in ka haƙa uku a wuni na yanka maka zakara.

Tsohon_Birkila:
Ɗana, a watan Maris kake haƙa, lokacin da ƙasa ta fi kowane lokaci bushewa, ka ce ba za ka sha wuya ba? Ga abin da muke yi. Kada ka ce sai ka gama rami ɗaya sannan ka shiga na gaba. Ku bi layi gaba ɗaya da yamma, kowane wuri a ɗan fasa shi kamar zurfin kwanon sha, a cika da ruwa, a tafi gida. Da asuba a dawo a kwashe abin da ya jiƙa, a sake zuba ruwa. Kwana biyu ko uku za ka kai ƙafa biyu ba tare da ka karya ƙota ko ɗaya ba. Sannan diga ba kayan haƙa ramin dirka ba ce. Diga tana son fili ta yi lilo, da rami ya yi zurfi sai ƙotar ta riƙa dukan bakin ramin, shi ya sa take karyewa. Dagi ake nema. Ka je wurin maƙeri ya yi maka na ƙarfe zalla, tsawonsa ya kai kafaɗarka, baki ɗaya mai tsini, ɗaya mai faɗi. In da tsohon shaf ɗin babbar mota aka ƙera shi, jikokinka ma za su gada. Ƙasar kuma da gwangwanin tumatir ake kwasowa, shebur ba ya shiga.

Maman_Khalifa:
Baba ya faɗi gaskiya. Haka muka yi a filinmu na Gusau da za mu kafa rumfar kaji. Yara ne ma suka riƙa zuba ruwan wanke-wanke da yamma.

Lissafi_Dole:
Dabarar ruwa tana da kyau, amma a yi lissafi. Rami 134, in kowanne zai sha jarka ɗaya mai lita 25 sau biyu, jarka 268 ke nan. In kurar ɗan garuwa tana ɗaukar 12, kura sama da 22 ake magana, kuma gona ce a bayan gari. Malam, akwai rijiya ko rafi kusa?

Tsohon_Birkila:
Wa ya ce jarka guda? Ramin da bai wuce kwanon sha ba ina zai kai lita 25? Jarka ɗaya ta ishi rami huɗu a zubin farko. Ku masu biro kun fiye tsorata mutane.

Bazazzagi_MaiLambu:
Akwai rafi a gangaren gonar, ya kusa ƙafewa amma ana samun ruwa in an yi tono a yashi. Ina da amalanke.

Injiniya_Jos:
Kafin a ci gaba, akwai kalma ɗaya a bayanin mai tambaya da ba a kula da ita ba: tartsatsin wuta. Laka komai bushewarta ba ta fitar da wuta. In diga na fitar da wuta, to ta haɗu da marmara ko dutse. Ƙasa mai tauri iri biyu ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai laka ko jar ƙasa da rani ya ƙame, wannan ruwa yana kwance ta kamar yadda Baba ya ce. Akwai kuma marmara, wadda ke cike da sinadarin ƙarfe, shi ya ba ta launin tsatsa. Tana ƙarƙashin ƙasa da danshi tana da ɗan laushi, amma da zarar zaizaya ta tone ta, ta sha rana da ruwa shekara da shekaru, sai ta ƙame ta zama dutse, kuma ba ta komawa. Wani likita ɗan Scotland mai suna Francis Buchanan ne ya fara bayaninta a rubuce a 1807, da ya ga mutanen kudancin Indiya suna yanka ta kamar bulo suna gini. Yankin Zariya da Funtuwa da Kaduna akwai ta sosai, musamman a kan tudu. Wannan ko ka wuni kana zuba mata ruwa, wanka kawai ka yi mata.

Gwajin ba wuya. Ka zaɓi wuri uku, ɗaya a tudu, ɗaya a tsakiya, ɗaya a gangare. Ka fasa, ka cika da ruwa da yamma. Wanda ka tarar ya shanye da safe, bi shawarar Baba. Wanda ka tarar ruwan na kwance yana kallonka, sai mu sake zama.

Dan_Kurmi_MaiWalda:
Injiniya, mutum na neman rami ka kai shi Indiya.

Injiniya_Jos:
Na dawo da shi ai, ga shi a bakin rafi da amalanke.

Dan_Kurmi_MaiWalda:
To bari in yi maganar sana'ata, wasa a gefe. Kuskurenka na buga ƙarfe da guduma shi ne guduma ba ta sauka daidai sau biyu a jere, kowane bugu yana tura ƙarfen gefe. Akwai abin da muke haɗawa: bututu mai kauri, inci uku ko huɗu, tsawon kamar ƙafa biyu da rabi. A toshe kai ɗaya da ƙarfe mai kauri sosai, a yi masa hannu biyu a gefe. Sai a zura shi a kan ƙarfen shingen kamar hula, a ɗaga a saki, a ɗaga a saki. Nauyinsa ne ke aikin, kuma ba ya kauce wa saiti tunda ƙarfen na cikinsa. Kafin nan a yanke gindin kowane ƙarfe ya yi tsini kamar mashi. A ƙasar da ta sha ruwa, minti kaɗan ya shige ƙafa biyu. Gargaɗi ɗaya: kada a ɗaga shi har ya fita daga kan ƙarfen. Wani yarona ya yi haka, bakin bututun ya kama kan ƙarfen, ya juyo ya same shi a goshi, sai da aka yi masa ɗinki.

Abu_Sumayya:
Ni ban goyi bayan bugawa ba sam, kuma ba don tauri ba. Abin da ya shiga da bugu, da girgiza yake fita. Na zagaye fili da ƙarafa 60 a bayan gari, na buga su tsaf ba siminti. Watan azumi ban leƙa ba, bayan salla na je na tarar da 19. 'Yan jari-bola sun zo sun girgiza sun zare, har wayar sun naɗe. Wanda ya fi ba ni haushi, sun bar min tsinken da na ɗaure igiyar awo. Yanzu kowane ƙarfe sai an yi masa waldar guntun rodi a gindi, a gicciye, sannan a binne a kankare. Mai son cirewa sai ya zo da zarto.

Maman_Khalifa:
Suna zuwa da zarton ai.

Abu_Sumayya:
Suna zuwa, amma aƙalla ya yi gumi.

Lissafi_Dole:
Tunda an shigo maganar kankare. Buhun siminti kilo 50 ne, kwanon birkila biyu. Haɗin 1:2:4 yana nufin buhu ɗaya, yashi kwano huɗu, tsakuwa kwano takwas. Ramin da ya yi ƙafa ɗaya faɗi ta kowane gefe da zurfin ƙafa biyu, buhu ɗaya zai cika kamar uku. Rami 134 ke nan buhu wajen 45, ban da get. In aka sassauta haɗin zuwa 1:3:6, buhu zai kai rami huɗu. Malam ya duba aljihunsa tukuna.

Tsohon_Birkila:
Wannan lissafin na yarda da shi. Amma ba kowace dirka ke buƙatar kankare ba. Na kusurwa huɗu, da na get, da ɗaya bayan kowane takwas ko goma, su ne ke ɗaukar jan waya. Na tsakani riƙe waya kawai suke kada ta kwanta. Su a mayar da ƙasarsu haɗe da tsakuwa, amma kaɗan-kaɗan: a zuba taƙi ɗaya, a yayyafa ruwa, a daka da gindin taɓarya har ta daina motsi, sannan a ƙara. Masu zuba ƙasa gaba ɗaya su taka da ƙafa su ne shingensu ke ruku'u a ruwan farko. Kuma na kusurwa dole a tokare su ta ɓangaren da waya ke ja, in ba haka ba ranar da aka ja waya ranar za su sunkuya.

Bakatsine_77:
Ni tambayata, me ya sa dole sai ƙarfe? Kakanninmu da itace suka yi shinge. A samu kirya, gara ba ta cinta, ɓarawon ƙarfe ba ruwansa da ita.

Maman_Khalifa:
Ina kiryar take yanzu? Masu gawayi da masu sassaƙa turmi sun gama da ita. Abin da za a kawo maka a kasuwa turare ne ko darbejiya, a ce maka kirya ce. Mu turare muka sa a rumfar kajin da na ambata, ɗanye ma. Damina biyu, wata rana na jingina da dirka ɗaya ina ba kaji dusa, sai ji na yi ta tafi da ni. Da muka duba, sama lafiya ƙalau, gindin kuwa gara ta mayar da shi kamar soso, ka sa yatsa ya shige.

Bakatsine_77:
Ba ku gyara shi ba ne Hajiya. Ana ɓare ɓawon, a bar itacen ya bushe, a babbake gindin a wuta har ya yi baƙi, sannan a jiƙa shi a baƙin mai kwana biyu. Ko a samu azara. Azarar giginya da Babban Gwani ya yi bakan gizon rufin masallacin Juma'a na Zariya da ita tun ƙarni na 19, ai ba a banza magina suka zaɓe ta ba.

Injiniya_Jos:
Azara a rufi daban, azara a cikin ƙasa daban. A rufi a bushe take. Itace yana ruɓewa ne daidai inda ya haɗu da fuskar ƙasa, inda danshi da iska suke tare. Azara za ta fi turare daɗewa nesa ba kusa ba, wannan gaskiya ne. Baƙin mai kuma ina roƙo a yi hattara, lambu ne na abin ci, ga rafi a gangare. Abin da aka jiƙa itace da shi ba a itacen yake tsayawa ba. Wani abu kuma, kada a binne itace cikin kankare a rufe gindinsa ruf. Itacen zai motse ya bar 'yar kafa, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita, ka yi masa kofi ke nan. Tsakuwa ake zubawa a ƙasan ramin.

Dan_Tawa:
Salamu alaikum daga Nijar. Ina karanta ku ina murmushi, don irin wannan ƙasa mu fako muke ce mata, kuma a cikinta muke noma. A wajen Illela da Badagishiri manoma suna haƙa tassa da rani tsaka, ƙananan ramuka masu faɗin santimita 20 zuwa 30, dubbai a gona guda, a zuba taki a ciki. Gara ta biyo takin ta huda ƙasar, ruwan sama ya samu hanyar shiga. Dabarar da marigayi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso ya shahara da ita ke nan, su suna ce mata zai. Abin da nake so in ce, in ba ka gaggawa, ka fasa ramukanka yanzu ko da taƙi ɗaya ne, ka cusa kashin shanu da kara, ka bari. Zuwa ruwan farko za ka tarar ƙasan ya yi laushi. Na biyu, ƙarfe da waya suna tsufa, shinge mai rai kuwa ƙaruwa yake. Ka dasa aguwa ko dashi ko bini-da-zugu a bin layin wayar. Reshe kawai ake yankowa a soka a ƙarshen rani, dabba ba ta cin aguwa da bini-da-zugu. Bayan 'yan shekaru ko an sace wayar ba ka da asara.

Lissafi_Dole:
Wato a kira gara da hannu zuwa inda za a kafa dirka? Bakatsine, ka ji abin da ake shirya wa itacenka.

Dan_Tawa:
Ai shi ƙarfe ya saya, gara ba ta da haƙorin ƙarfe.

Babarbare_Dikwa:
Ku gode wa Allah da ƙasarku ke tsayawa wuri ɗaya. Mu a firgi, baƙar lakar nan ta wajen Dikwa da Ngala, da rani tana tsagewa har ƙafar yaro ta faɗa, da damina ta kumbura. Dirkar da ka kafa a miƙe, shekara ɗaya ka tarar kowacce ta kalli alƙiblarta. Abin da ya ɗan taimake mu shi ne a zurfafa sosai, a buɗa ƙasan ramin ya fi bakinsa faɗi kamar tulu, don in ƙasa ta kumbura kada ta tofo kankaren sama. Masu yin rami mai faɗin baki da tsukakken gindi, kamar mazurari, su ne ƙasa ke ɗago musu shi.

Jauro_Rugga:
Duk kun yi maganar rami, ba wanda ya tambayi inda layin zai bi. Malam mai lambu, don Allah in akwai burtali a gefen gonarka ka bar shi yadda ka same shi. Da yawa sai sun zo kafa waya suke ɗan turawa taku biyu, na gaba ma ya tura, a wayi gari hanyar da garke ke bi zuwa rafi ta koma ta mutum ɗaya. Waya mai ƙaya kuma tana yaga hantsar saniya, na gani da idona. Ba na hana kowa kare dukiyarsa.

Babarbare_Dikwa:
Bafillace ya ji an ambaci rafi ya fito. Amma yau dai ka yi gaskiya, ka rubuta ranar.

Abu_Sumayya:
Wasu makiyayan ma su ke datse wayar da dare su tura shanu, a faɗi duka.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a, a tsaya kan rami da dirka. Waccan muhawarar mun yi ta a baya, mun san inda take ƙarewa. Abin da za a ɗauka a maganar Jauro: kafin a haƙa, a kira maƙwabtan gona da mai unguwa a ja igiya a gabansu. Cire kankare ya fi zuba shi wuya.

Bazazzagi_MaiLambu:
Na gode. Burtalin yana ta yamma kuma akwai tsofaffin aguwa a iyakar tun zamanin mai gonar na farko, a cikinsu zan bi. To batun get fa? Ba wanda ya taɓa shi.

Dan_Kurmi_MaiWalda:
Get shi ne inda ake gane aikin ƙwarai. Dirkar shinge tsayuwa kawai take, ta get kuwa ɗauke take da kaya a hannu ɗaya dare da rana. Ka riƙe bokitin ruwa a jikinka, sannan ka miƙa hannu ka riƙe shi, za ka gane. Don haka kada ka yi ƙyaure ɗaya mai ƙafa 12, raba shi biyu, shida-shida. Kada ka rataya shi a irin ƙarafan shingen, nemi bututu inci huɗu mai kauri, ba na shan iska ba da ake murzawa da hannu ya lotsa. A toshe kansa don kada ruwan sama ya taru a ciki ya cinye shi ta ƙasa. Kuma tunda gona ce, ƙyauren ya zama firam da raga, kada a lulluɓe shi da falle, iskar farkon damina za ta riƙa tura shi da ƙarfi.

Tsohon_Birkila:
Ramin get ƙafa uku zurfi, ƙafa biyu faɗi ta kowane gefe, ba ragi. Kowanne zai ci kusan buhu biyu. A sa dirkar, a duba ta da filam, wato ma'aunin miƙewa, ta fuska biyu, ba ɗaya ba, a tokare ta da katako kafin a zuba. A zuba ana soka rodi don iska ta fita. Saman kankaren a ɗan tudunta shi ruwa ya riƙa gangarewa. Sai abin da kowa ke karyawa: haƙuri. Kwana bakwai ana ba shi ruwa safe da yamma, a rufe da buhu ko ciyawa saboda zafin nan, sannan a rataya ƙyaure. Ƙarfinsa na sosai sai ya kwana 28. In da hali, a haƙa ɗan lambatu tsakanin dirkokin biyu a zuba kankare da rodi ya haɗe su ta ƙasa, ba za su taɓa sunkuyar da kai ga juna ba.

Maman_Khalifa:
Wannan kwana bakwan ni ce shaida. Get ɗin gidanmu, mai aikin ya zuba kankare da safe, da yamma ya ce yana da wani aiki gobe a wani gari, bari ya rataya kawai ya karɓi cikon kuɗinsa. Maigidan ya yarda. Yau shekara huɗu, kullum sai an ɗaga ƙyauren da kafaɗa kafin sakata ta shiga, ya zana rabin da'ira a ƙasa kamar an yi da gangan. Baƙo in ya zo sai mun leƙa ta taga mun ce masa ɗaga ka tura.

Injiniya_Jos:
Ƙari kan na Baba: kada a ɗaure wayar shinge a ja ta daga dirkar get. A kafa wata dirkar daban kusa da ita, da tokararta, ita ta ɗauki jan waya. Kowa da kayansa.

Bazazzagi_MaiLambu:
Na dawo da rahoto. Na yi gwajin Injiniya jiya da yamma. Na gangare da na tsakiya sun shanye tas, da safe dagin da maƙeri ya yi min ya shiga kamar ana yanka sabulu, yau kaɗai yaran sun gama rami 16. Na tudu kuwa na tarar da ruwan yadda na bar shi, har tsuntsaye na sha. Na share ƙasar sama, ga marmara nan shimfiɗe ja wur mai ƙuraje. Na bi layin da dagi ina bugawa ina saurare, inda ya yi ƙara kamar an bugi tukunya na sa alama. Wajen rami 40 ne a kanta, duk ɓangaren arewa. Abin haushi, nan ne bakin hanya, inda get zai zauna.

Tsohon_Birkila:
To Injiniya, rabi naka rabi nawa.

Lissafi_Dole:
Ba rabi ba ne Baba, 94 naka, 40 nasa.

Bakatsine_77:
A kan marmarar ka tara itace ka hura wuta ta ci sosai, sannan ka kwara ruwan sanyi. Haka masu fasa dutse ke yi, yana tsagewa.

Maman_Khalifa:
Wuta a gona a watan Maris, da busasshiyar ciyawa ko'ina da wannan iskar? Mangwaron da awaki suka rage shi za a ƙarasa.

Injiniya_Jos:
Bar wutar. Marmara a wurinka ba masifa ba ce, tushe ne Allah ya ba ka kyauta. Dalilin zurfafa rami shi ne a samu abin da zai riƙe dirka, kai kuma ka same shi a sama. Ka yi hayar injin fasa kankare da janareta na wuni ɗaya, irin na masu aikin gini. A marmara mai ƙarfi, ƙafa ɗaya zuwa ɗaya da rabi da kankare ya isa ga dirkar shinge, ramin ma ya zama matsattse. Kuma a wannan ɓangaren ka buɗa tazara zuwa mita 5, ka ɗaura sanduna a jikin wayar a tsakani don kada ta buɗe wa akuya. 40 za su koma 24. Injin haƙa mai kama da abin huda katako da ake sayarwa yanzu kada ka kawo shi nan, in haƙorinsa ya kama dutse, kai zai juya.

Tsohon_Birkila:
Na shinge na yarda. Na get ban yarda ba. Marmara wani wuri falle ce, kaurinta taƙi ɗaya, ƙarƙashinta ƙasa ce mai laushi. Ka dogara da ita, nauyin ƙyaure ya ɓalle fallen gaba ɗaya. Na gani a wani aiki, dirkar ta kwanta da faifan marmara manne a gindinta kamar takalmi. Ƙafa uku na ce, ko da mako zai ɗauka.

Injiniya_Jos:
Shi ya sa zai fara huda wuri ɗaya ya ga kaurinta. In falle ce, ai ya huta, da ya fasa ta sai dagi ya ƙarasa. In kuma ta wuce ƙafa biyu tana nan daram, fasa na ukun ɓarnar mai ce.

Tsohon_Birkila:
Shekara nawa ina wannan aiki ban taɓa nadamar zurfi ba.

Dan_Tawa:
Ko kuma a matsar da get ɗin zuwa inda ƙasa ke haƙuwa, mota ta ɗan zagaya.

Bazazzagi_MaiLambu:
Na duba haka, amma can gangare ne, da damina mota za ta kafe. Na yi magana da mai injin, sai ranar Talata yake da sarari, kuma ya ce man janareta a kaina. Zan fara da ramin get ɗin in ga kaurin marmarar kamar yadda Injiniya ya ce, in turo hoto ku yanke hukunci ku biyun. Dan_Tawa, reshen aguwar tsawon nawa ake yankowa, kuma a soka shi nan take ko a bar ƙaron ya bushe tukuna?

Dan_Kurmi_MaiWalda:
Kafin ya amsa, zakaran nan fa? Yaranka sun haƙa 16 da shawarar zaure, ni kuma ɗan zaure ne.